Shinkafar da Ta Riga Ni Zuwa Ofis

Har yau idan na ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa sai raina ya ɓaci, alhali shinkafar ba ta yi mini laifin komai ba. Mutane ne suka yi mini, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne don suna ƙaunata suka yi.

Sunana Muhsina, likita ce ni. Ina gama horon shekarar farko da hidimar ƙasa, hukumar da ta ɗauki nauyin karatuna ta turo ni asibitin Ɗorawar Gangare, wani gari da ke tsakiyar gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure. A shekarar dubu biyu da huɗu ke nan. Aka ce in ɗan riƙe wurin kafin babban likita ya iso, wanda zan yi aiki a ƙarƙashinsa ina koyo. Na yarda, don a lokacin da sauran yarinta a kaina, duk abin da mai babbar kujera ya faɗa sai in ɗauka magana ce. Shekara uku ina kasa kunne ko zan ji ƙarar motar babban likitan nan. Ko ƙeyarsa ban gani ba.

Ni ce likitan safe, ni ce ta rana, ni ce wadda ake buga wa ƙofa bayan kowa ya kwanta. Yaro ya yi wanka a kanal yana fitsarin jini, a kira Likita. Manomi yana feshin tumatir iska ta juyo masa da maganin, a kira Likita. Injin casar shinkafa ya kama hannun wani, ko mace ta kwana tana naƙuda a gida sai da ta galabaita aka ɗoro ta a a-kori-kura, duk dai Likita. Ruwa ya kewaye garin, kanal ta gabas kanal ta yamma, ruwan Tiga na wucewa yana sheƙi, amma famfon ɗakin tiyata ko tari bai taɓa yi ba. Da jarka ake ɗebo mana ruwan wanke hannu. Janareta muna da shi, ƙato, an gina masa ɗaki wanda ya fi nawa kyau, man ne dai ba ya zuwa. Sauron wurin kuwa ba ruwansa da farar riga. Ina rawar sanyin zazzaɓi nake duba masu zazzaɓi.

Malam Hambali, babban nas ɗinmu, shi ke riƙe mini tocila idan muka shiga aiki. Mutumin kirki ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma magana ɗaya ya iya: "Likita, a yi haƙuri." Babu safar hannu, a yi haƙuri. Babu jini, a yi haƙuri. Rufin ɗakina na yoyo a kan littattafaina, a yi haƙuri. Wata rana na ce masa, "Malam, da ana ɗura haƙurin nan a jijiya, da ba wanda zai ƙara mutuwa a asibitin nan." Ya yi dariya, ya ce in yi haƙuri.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ci na shi ne ba ni da wanda zan tambaya. Ƙaramin likita ba a gama shi ba ne, hannunsa na buƙatar wani hannu a kansa, wanda zai ce nan za ki yanka, nan kada ki kuskura ki taɓa. Ni littafi ne ogana. A gefen kayan aiki nake buɗe shi, Malam Hambali na juya mini shafi da hannu ɗaya, tocila a ɗayan. Idan abu ya cakuɗe sai in fita in hau gadar kanal, don nan kaɗai waya ke samun sabis, in kira Taufiq. Taufiq ɗan ajinmu ne, wanda a makaranta ni ke yi masa bita ana gobe jarrabawa. Shi ya samu shiga horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, kullum yana bayan manyan likitoci yana kallon hannunsu. Yanzu ni ce a kan gada, 'yan acaɓa na wucewa suna gaishe ni, ina cewa, "Taufiq, don Allah me oganku yake yi idan ya ga kaza?" Cikin ladabi yake ba ni amsa, kuma wallahi ladabin nan nasa ya fi zagi zafi.

Ba wai na naɗe hannu na zauna ba ne. Tun ina hidimar ƙasa na ci jarrabawar share fagen shiga horon, da niyyar in ƙware a ɓangaren mata da haihuwa. Sai dai jarrabawar tana da wa'adi. Idan ya cika ba ka shiga horo ba, ta bi ruwa, sai ka koma farko. Sau biyu ina nema ana cewa babu gurbi. A shekarar dubu biyu da bakwai, wa'adina na dab da ƙarewa, sunana ya fito. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mini: in kawo shaidar hukumarmu ta sallame ni kafin sabon wata ya kama, in ba haka ba a ba wa na bayana. Na je ofishinmu na birni na ga Darakta, Dakta Iliyasu. Ya ce ai wannan abin alfahari ne, akwai wani yaro da ya gama hidimar ƙasa za a tura ya canje ni, in dawo Laraba ta sama in karɓa. Ranar har masu gadin da ban sani ba sai da na gaisar.

Kafin in ci gaba sai kun san Iya Tambaya. Ita ce shugabar matan da ke turara shinkafa a garin, gajeruwa, muryarta ta fi jikinta, hannuwanta duk tabon wuta. Tun zuwana ta ɗauke ni 'ya. Ta aiko da tuwo, idan ta ji ban ci ba ta aiko da faɗa. Autarta Zuliha ta daɗe da aure ba haihuwa, ga ciki ya fito kamar mai juna biyu, ga jinin da take zubarwa duk wata ya sa idonta ya yi fari fat. Ƙari ne a mahaifa. Sun taɓa zuwa birni, suka yini a layi, wani likita da ko ɗago kai bai yi ba ya ce sai dai a cire mahaifar gaba ɗaya. Suka naɗe tabarmarsu suka dawo, ba su sake komawa ba.

Da na duba ta na gaya musu gaskiya.

"Iya, akwai aikin da ake cire ƙarin a bar mahaifar. Ana yi, kuma wasu na haihuwa bayansa."

"To ki yi mata mana."

"Hannuna bai kai nan ba tukuna. Aikin manya ne, jini yake ci. Ku koma birni, zan haɗa ku da wanda na sani."

"Can ba wanda ya san sunanta," in ji Iya. "Lamba suke kira. Ke kika ciro ɗan maƙwabciyarmu Sa'a da ransa bayan kowa ya cire rai. Hannunki zai kai, muna nan muna jira."

Na yi magiya har na gaji. Duk wata Zuliha za ta zo in ba ta maganin ƙarin jini, in ce mata birni, ta sunkuyar da kai ta ce sai abin da Iya ta ce.

Da na dawo daga wurin Darakta sai na ga bai kamata su ji labarin tafiyata a bakin wani ba. Bayan la'asar na bi Iya filin bayan gidanta inda suke aiki. Ganguna a jere kan murhu, tururi ya turnuƙe wurin, shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a baje kan tamfol tana shan iska, yara na korar kaji. Na tarar da Alhaji Datti, shugaban ƙungiyar manoman rani, ya zo duba shinkafar da ya kawo a turara masa.

"Iya, sallama na zo yi. Ƙarshen watan nan zan koma birni, zan tafi ƙaro karatu."

Ta ajiye ƙwaryar hannunta. "Wane karatu kuma? Mace tana farka ciki ta ɗinke, me ya rage mata?"

"Da yawa, Iya. Rabin abin ma ban sani ba."

Ta dubi Alhaji, Alhaji ya dube ta. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Haka suka ce ki faɗa ko? Allah sarki. Ka ga 'yar mutunci, ba za ta tona asirin manyanta ba."

"Alhaji, ba wanda ya ce in faɗa. Ni na nema da kaina."

"Mun ji, Likita, mun ji. Ki bar mana sauran."

Na ɗauka walimar ban kwana yake nufi. Har da cewa kada su wahalar da kansu.

Ga abin da na sani sarai amma bai faɗo mini a rai ba. Mutanen nan ba sa kai ƙara ofis. A wurinsu wanda ya je ofis da kuka ya raina masu ofis, kuma hannu rabbana zai dawo. Godiya suke zuwa. Shekarar da aka so ɗauke ma'aikacin da ke buɗe musu ƙofar ruwa, wanda ba ya fifita gonar mai hali a kan ta talaka, sai suka cika mota da shinkafa da albasa suka je wurin manyansa. Suka gode da aka ba su mutumin kirki, suka ƙara godewa, suka yi addu'a, har manyan suka ji nauyin taɓa shi. Yana nan har yau. Haka suka yi wa hedimastan firamare. Kuma a saninsu babu ma'aikacin da ke barin gari da son ransa, duk wanda ya tafi ɗauke shi aka yi. Lokacin da aka ba ni labarin mai ƙofar ruwa dariya na yi, har na ce dabarar ta burge ni.

Ranar Talata na lura layin dattawa ya yi sauƙi a asibiti, matan turare ma ban ga ko ɗaya ba. Na ce a raina yau Allah ya ba garin lafiya.

Laraba da sassafe na bar wa Malam Hambali asibitin, na hau acaɓa zuwa bakin titi, na shiga motar Kano. Tun daga barandar ofis jikina ya ba ni. Buhunan shinkafa a jingine da bango, kwandunan tumatir an zazzage an kife su a gefe, masinjoji da direbobi sun yi da'ira kowa da baƙar ledarsa ana rabo. Na dubi bakin buhunan na ga ɗinkin jan zare. Duk yankinmu Iya Tambaya kaɗai ke ɗinke buhu da jan zare.

Dakta Iliyasu ya miƙe tsaye ya tarbe ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Dakta Muhsina! Kin fitar da mu kunya. Jiya mutanenki suka cika wurin nan, maza da mata. Wata tsohuwa ta yi magana har sakatariyata ta share hawaye. Tunda na hau kujerar nan ƙarar likitoci ake kawo mini, ban taɓa ganin an zo godiya ba."

"Na gode, Yallaɓai. Sallamar na zo karɓa."

Ya koma ya zauna, ya haɗa yatsunsa. "To ai nan ne. Ke ma ki duba. Dattawa sun tako da ƙafarsu sun ce Allah ya saka mana da muka bar musu ke, washegari kuma in ɗauke ki? Da wane ido za su dube mu? Maganar ma ta wuce ni. Manya na sama sun ji, kuma sun ji daɗi ƙwarai."

"Yallaɓai, ba ɗauke ni za ka yi ba, horo zan tafi. Kai da bakinka ka ce akwai wanda zai canje ni."

"Yaron? Ai jiya da yamma aka tura shi wani asibiti nan cikin gari. Tunda Ɗorawa ba ta da matsala."

Ba ta da matsala. Nan na gane komai. Yaron nan dama ba mai zuwa ƙauye ba ne, yana da wanda zai yi masa waya. Daraktan na neman hanyar da zai zame ne tun farko, sai ga mutanena sun kawo masa ita har ofis, sun haɗo masa da cefane.

"Yallaɓai," na ce, "shekara uku ina kuka babu ruwa, babu mai, babu babban likitan da aka ce zai koya mini aiki. Ba wanda ya taɓa ce mini kanzil. Buhun shinkafa ya iso jiya, kafin magariba har an yanke hukunci."

Fuskarsa ta canza. "Ki iya bakinki, Dakta. Mu ma mun yi zaman ƙauye."

Na san zaman ƙauyen da ya yi. Damina ɗaya ya yi aka tura shi ƙasar waje ƙaro karatu, kowa ya san wannan.

"Wa'adin jarrabawata zai ƙare kafin a sake ɗaukar wasu."

"Sai ki sake rubutawa. Ke da kanki ke ja? Baɗi in Allah ya kai mu sai a duba."

"Da wane lokacin zan yi karatun? Ko Juma'a ba ni da ita."

Ya jawo wani fayil ya buɗe, alamar an gama da ni. Har na kai ƙofa ya ce, "Af, an ware miki buhu ɗaya. Ki sa direba ya kai miki tasha."

Na ce masa ya ƙara a nasa. Ban rufe masa ƙofar ba.

Daga nan asibitin koyarwa na nufa, ko za su ɗaga mini ƙafa. Matar da na samu ta saurare ni tsaf, ta tausaya mini, ta ce ƙa'ida ce, kuma akwai masu jira a bayana waɗanda su ma 'ya'yan wasu ne. Ban ga laifinta ba, kuma hakan ya ƙara mini haushi, don ina neman wanda zan sauke wa.

Na kamo hanyar gida. Da acaɓa ya saki titi ya kama hanyar kanal, gonaki suka buɗe kore shar, albasa nan, tumatir can, balbelu na bin masu ban ruwa. Da, wurin nan ne ke sanyaya mini rai idan na dawo daga birni. Ranar ji na yi kamar in rufe ido har mu isa.

Tun kafin in sauka na ji guɗa. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar asibiti, ga tukwanen dafa-duka, ga zoɓo a robobi. Alhaji Datti ya sha babbar riga, dattawa a bayansa, matan turare sun yi anko. Malam Hambali na raɓe a jikin ƙofa, yana ganin fuskata ya sunkuyar da kai. Ashe ya sani.

"Likita, an dace!" in ji Alhaji. "Na ce ki bar mana sauran, to ga shi."

"Wa ya aike ku?"

Guɗar ta maƙale a wuyan mai yin ta.

"Na ce wa ya aike ku? Alhaji, da wane yare na gaya maka ni na nema? Hausa na yi maka, a gaban Iya. Shekara da shekaru ina bin gurbin nan, na samu, kun je kun toshe shi da buhu. Kun ɗaure ni kamar akuya a turke, kuma kun zo kuna yi mini guɗa!"

Ban taɓa ɗaga wa sa'an ubana murya ba sai ranar, kuma ban ji zan iya dainawa ba. Alhaji ya ja baya kamar na watsa masa ruwan zafi.

"Subhanallahi. 'Yar nan, mu taimako muka yi. Mun ga irin wahalar da kike sha da mu, muka ce ba za a saka miki da kora ba."

"Ba kora ba ce! Tunda har kun iya hayar mota kun je, me ya hana ku ce a kawo ruwa? Me ya hana ku ce a ƙaro likita, mutum ɗaya ba zai iya ba? Kun tsaya gaban mutumin da ya bar ku shekara uku da tocila kuna sa masa albarka!"

"Ai ba a haɗa godiya da roƙo, Likita," in ji shi a hankali. Kuma har zuciyarsa ya faɗa, yana mamakin yadda mai ilimi kamata ba ta san wannan ba.

Sai ga Iya Tambaya ta ratso matan, tana janye da hannun Zuliha. Sai a lokacin na lura da abin da Zuliha ke ɗauke da shi: bokiti, tabarma a naɗe, filas, da ƙullin zannuwa. Kayan kwanciya asibiti ne.

"Yi faɗanki, 'yata, na ji na ɗauka," in ji Iya. "Ni na tara matan, ni na yi magana a gaban mutumin. In kin huce, ga ƙanwarki. Kin ce hannunki bai kai ba tukuna, shi ne muka ce to kada a ɗauke mana ke kafin ya kai. Yanzu ba inda za ki. Sai ki sa mana rana."

Na dubi bokitin nan, sabo fil, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba.

"Iya," na ce, "aikin Zuliha shi ne karatun. Shi zan je in koyo."

"To ki koya a nan mana."

"Wa zai koya mini? Malam Hambali, ko tocilar? Hannu ba tumatir ba ne da zai nuna don an bar shi a gona. Sai an tsaya a kaina ana nuna mini, yau da gobe, shekara da shekaru. In na zauna a garin nan har furfura ta cika kaina, abin da na iya yau shi zan iya. In na taɓa Zuliha da wannan hannun, ko in cire mahaifar, ko in kashe miki ita."

Iya ta saki hannun 'yarta, ta lalubi ƙasa ta zauna daɓas, a kan turɓaya, ga tabarma a gefenta.

"To mu koma gobe," ta ce can, "mu ce musu..."

"Mu ce musu me?" in ji Alhaji. "Mun fasa godiyar?"

Zuliha ce ta yi magana, ita da ba ta taɓa gaya mini komai ba sai abin da Iya ta ce. Ta ajiye bokitin ta ce, "Anti, ki haɗa ni da wanda kika sani ɗin. Zan je."

Ba a ci dafa-dukar nan ba. Yara aka raba wa.

Washegari Alhaji Datti ya koma ofis shi kaɗai, ba shinkafa ba albasa. Na san abin da hakan ya ci masa, mutumin da bai taɓa shiga ofis hannu rabbana ba. Ya yini a kan bencin baranda ana ce masa Darakta na mitin. Ya sake komawa aka ce Darakta ya yi tafiya. Da ya dawo bai iya zuwa ya gaya mini ba, Malam Hambali ya aiko. Ban gode masa ba, kuma ban sake yi masa faɗa ba. Sabon wata ya kama ina ɗakin haihuwa ina bakin aiki, gurbin ya wuce ni.

A satin na hau gadar kanal na kira Taufiq.

"Muhsina, na ji abin da ya faru. Wallahi ban ji daɗi ba, mun so ki zo."

"Ba jaje na kira ka yi mini ba. Ina da mara lafiya, ƙarin mahaifa, ba ta taɓa haihuwa ba, ana so a bar mata mahaifar. Oganku zai gan ta?"

"Zai gani mana, irin aikinsa ne. Ta zo Alhamis. Abuzar ne zai karɓe ta. Shi ne aka ba gurbin naki. Yaron kirki ne, yana da ƙoƙari. Shi zai shiga tiyatar tare da oga, ya riƙe masa kayan aiki. Ya yi sa'a ma, bai taɓa ganin irin aikin ba."

Ruwa na wucewa ta ƙarƙashina, wani manomi na ɗago mini hannu daga cikin albasarsa. Shekara biyu ina ɗura wa yarinyar nan maganin ƙarin jini, na san girman ƙarin nan da tafin hannuna, na karanta aikinsa har shafin ya yage. Wani ne zai tsaya ya ga yadda ake yi.

"Ya yi sa'a," na ce. "Ka gaya masa sunanta Zuliha. Ya kira ta da sunanta, kada ya kira lamba, in ba haka ba uwarta za ta naɗe tabarma su dawo."

Na kashe wayar. Daga kan gadar na hango a-kori-kura ta tsaya a ƙofar asibiti, mata na sauko da wata a cikin zani, Malam Hambali na ɗaga mini hannu biyu. Na sauko. Tun kafin in ƙarasa na ce masa in ya kuskura ya ce in yi haƙuri, komawa zan yi kan gadar. Ya buɗe baki, ya rufe, ya miƙo mini safar hannu.